Tabon Rana a Fata da Hanyoyin Magance Shi

Da zarar mutum ya haura shekara 40, musamman mai hasken fata, yakan fara ganin ɗigo-ɗigo masu duhu a bayan hannu, ko a goshi, ko kumatu da kafaɗa. Ba su da tudu, ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Shi ne tabon rana. A cikin fata akwai ƙwayoyin da ke samar da sinadarin melanin, mai ba ta launi da kare ta daga ƙunar rana. Idan rana ta yi shekaru tana dukan wuri guda, sai melanin ya taru a nan fiye da kima.

Maganin farko kuwa shi ne inuwa. Duk man da aka shafa, muddin rana na ci gaba da dukan wurin, aikin baban giwa ake yi. Manomi da malafarsa ya daɗe da gane wannan. Sai a haɗa da man kariya daga rana mai lambar SPF 30 zuwa sama, a riƙa sake shafawa bayan kowace awa biyu in ana waje.

Likitan fata kan rubuta man da ke ɗauke da haidirokwinon ko tiretinoyin, amma sai an yi watanni kafin tabon ya dusashe. A nan ne masu gaggawa ke faɗawa rami, su garzaya kasuwa sayen man bilicin. Da yawa daga cikin irin waɗannan mayuka cike suke da sinadaran da ke sa fata ta yi laushi har jijiyoyi su fito, wasu ma da makuri mai lalata ƙoda. Shi kansa haidirokwinon, in aka daɗe ana shafa shi, yana barin baƙin tabo mai ratsin shuɗi a kumatu, wanda ya fi na farkon wuyar fita. Tun shekarar 2001 Tarayyar Turai ta hana sanya shi a mayukan gyaran fata na kanti.

A asibiti ana daskarar da tabon da ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, ko a ƙona shi da hasken leza. Waɗannan hanyoyi sun fi sauri, sai dai a baƙar fata sukan bar wurin ya yi fari fat ko ya ƙara duhu, don haka a nemi wanda ya saba aiki da irin fatarmu.

Kafin a taɓa kowane tabo, a dube shi da kyau. In yana girma, ko gefensa ya karkace, ko launinsa ya gauraya, ko yana jini, ko faɗinsa ya wuce milimita 6, to likita ne zai tantance, domin haka sankarar fata ke somawa. A jikin baƙar fata ma takan ɓuya ne inda rana ba ta kaiwa, kamar tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. Mawaƙin Jamaika, Bob Marley, daga ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa tasa ta fara, kuma ita ta yi ajalinsa a 1981.