Cunkoson Gidajen Gyaran Hali: Ina Mafita?

A Ikara, Makarfi da Kudan, rikicin gona, bashi ko satar buhun masara kan kai mutum gidan kaso, ya shafe watanni bai san makomarsa ba. A Najeriya, kusan kashi biyu cikin uku na fursunoni jiran shari'a suke yi, wasu kuma tara ce suka kasa biya.

Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, ta kuma ba da damar hukunta masu ƙananan laifuffuka da aikin al'umma maimakon ɗauri. A 2023, Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 bayan an biya musu tara.

Amma fitowa ba ita ce ƙarshen wahala ba. Wanda aka ƙi ba shi aiki, aka hana shi aure, aka riƙa nuna shi da baki, shi ke komawa gidan jiya. Hakimai, limamai da attajirai, ku sasanta ƙananan rigingimu tun a gida, ku ba waɗanda suka fito jari da sana'a. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.