Kare Mai Tsoro: Wane Gida Ya Dace Da Shi?



A unguwannin Kaduna da ke arewa da kogi, kamar su Kawo, Malali, Unguwar Rimi da Unguwar Dosa, akan ga karnukan da masu su suka tashi suka bari. Wani an yi masa canjin wurin aiki, wani mai gidan haya ne ya hana shi ajiye kare. Sai karen ya koma yawo a juji, yara suna jifansa. Kafin wani mai tausayi ya ɗauke shi, tsoron mutane ya riga ya shige shi. Daga nan sai a kawo maganar gaban ƙungiya, a ce wa ke son kare a gona? Shawararmu ita ce, kada a ba wanda ya fara ɗaga hannu. A nemi gidan da ya dace.

Da farko, mu rarrabe tsoro da ciwo. Kare mai tsoro yakan cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, ya ɓuya. Amma in an ajiye abinci an ba shi wuri, zai fito ya ci, ya sha ruwa. Ciwon haukan kare kuwa, wani lokaci shi ma yakan sa kare ya laɓe shiru, sai dai za a ga yawu yana dalala, baki a sake, haɗiya ta gagara. Irin wannan kada kowa ya taɓa shi, a kira likitan dabbobi nan da nan. Ko da karen ya yi kamar lafiya lau, a keɓe shi mako 2, a kai shi asibitin dabbobi, a yi masa allurar rigakafin hauka, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura. Ana yi wa kare tun yana ɗan wata 3, a kuma maimaita kowace shekara.

Sai zaɓen gida. Ga tambayoyi huɗu da dattawan ƙungiya za su yi:

1. Gidan yana da shiru? Gidan haya mai tsakar gida ɗaya da mutane da yawa bai dace ba. Mu kuma tuna maƙwabtanmu Musulmi, da yawa ba sa son kare ya kusanci wurin sallarsu ko kwanukansu. Gidan gona mai shinge ya fi.

2. Akwai ƙananan yara? Kare mai tsoro in an ritsa shi a lungu, cizo zai yi. Yaro kuwa bai san wannan ba.

3. Wa zai riƙa ba shi abinci? A sami mutum ɗaya mai haƙuri, wanda zai ba shi safe da yamma, ba duka, ba tsawa.

4. Don me ake sonsa? Dillalai suna bin ƙauyuka suna sayen karnuka zuwa kasuwar Dawaki a Filato. Wanda ya karɓa ya yi alkawari a gaban ƙungiya cewa in ya kasa riƙewa, zai mayar, ba zai sayar ba.

In an kai shi sabon gida, a yi masa wuri mai inuwa nesa da akurkin kaji. Kada a matsa masa, a bari shi da kansa ya matso. Wani mako ɗaya ya ishe shi, wani sai wata 2 ko 3. Sannu ba ta hana zuwa. Irin wannan kare ba zai bi ɓarawo da gudu ba, amma kunnensa a buɗe yake, haushinsa zai tashe mu in an zo wa rumbu ko awaki da dare. Bayan wata ɗaya, mutum biyu daga ƙungiya su je su duba.

In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya maganin gida, gama in ciwon ya bayyana a jikin mutum, ba a warkewa.

Littafi Mai Tsarki ya ɗora mana nauyin kula da dabbobinmu (Karin Magana 12:10). Mu tattauna wannan a taronmu mai zuwa. Allah ya taimake mu.