Ƙarfen da sanyi ba ya karyawa

Kowa ya taɓa ganin maƙeri yana aiki. In ya sa ƙarfe cikin wuta, sai ƙarfen ya yi laushi. To, sanyi fa, mi yake yi wa ƙarfe?

A dubi kakin zuma. Da bazara yana lanƙwasuwa cikin sauƙi. Da asubar hunturu kuwa, in an lanƙwasa shi sai ya karye. Haka baƙin ƙarfe yake. In sanyi ya tsananta ƙwarai, ba ya lanƙwasuwa, sai dai ya tsage kamar kwalba.

Akwai masana'antun da ke aiki da sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa. Ruwa yana daskarewa a digiri 0. Amma gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa ba ya zama ruwa sai a digiri 162 ƙasa da sifiri. In ya zama ruwa, wurin da yake ci yana raguwa wajen sau 600, sai a ajiye shi cikin tanki.

Ran 20 ga Oktoba 1944, a birnin Cleveland na Amurka, wani irin wannan tanki ya tsage. Gas ya malala cikin unguwa, gobara ta tashi, mutane fiye da 120 suka rasu. Ƙarfen tankin ne bai jure wa sanyin ba.

Wane ƙarfe ne ke jurewa? A 1913, wani Bature mai suna Harry Brearley, a birnin Sheffield na Ingila, ya haɗa ƙarfe da wani ma'adini da ake kira kromiyom, ya sami ƙarfe maras tsatsa. Da irinsa ake yin cokula da kayan aikin likita. Amma kromiyom tsatsa kaɗai yake hanawa. Maganin sanyi wani ma'adini ne dabam, sunansa nikel.

Ƙarfe maras tsatsa da aka fi aiki da shi yana da kashi 18 na kromiyom da kashi 8 na nikel cikin 100. Nikel yana sauya yadda ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin ƙarfe suke jere. Saboda haka, in an buge shi, ƙwayoyin suna zamewa bisa juna maimakon su rabu. Ko a digiri 196 ƙasa da sifiri, lanƙwasuwa yake yi, ba ya tsagewa. Shi ya sa ake yin bututun ruwan gas da shi, da cikin tankunan ruwan iskar oksijin na manyan asibitoci. Wanda ba shi da nikel kuwa, kamar na wuƙaƙe, yana iya karyewa cikin irin wannan sanyi, ko da yake ba ya tsatsa.

Ba a gane bambancin da ido, sai an gwada. Ana yanko ɗan guntun ƙarfe, a yi masa tsaga, a sanyaya shi, sannan a sako masa guduma mai lilo. Wannan gwaji yana ɗauke da sunan Georges Charpy, wani Bafaranshe da ya bayyana shi a 1901.

Tambayoyi
1. Mi sanyi mai tsanani yake yi wa baƙin ƙarfe?
2. Don mi ake mai da gas ruwa?
3. Mine ne aikin kromiyom? Na nikel fa?

Aiki
A samo mayen ƙarfe, a taɓa ƙusa, da wuƙa, da cokula iri-iri. Ƙarfe maras tsatsa mai nikel, galibi mayen ƙarfe ba ya kama shi sosai. A rubuta abin da aka gani.