Saɓanin Kwanan Wata a Jadawalin Kwamfuta: Misali Daga Tarihin Birnin Kano

Ɗalibin da ke nazarin tarihin Birnin Kano yakan tsara ranakun tarihi a jadawalin Excel, ya fitar da zane, sannan ya aika wa malaminsa. Abin da zai sa a gaba shi ne, kwamfuta ba ta ajiye kwanan wata yadda mutum ya rubuta shi. Lamba take ajiyewa, wato adadin kwanakin da suka shuɗe daga wata rana da aka ɗauka mafari.

To, a nan saɓanin yake, domin mafarin biyu ne. Excel na Windows yana ƙirga daga 1 ga Janairu 1900, shi kuwa na Macintosh, kafin fitowar na 2011, daga 1 ga Janairu 1904 yake farawa. Tsakaninsu kwana 1,462 ne, wato shekara huɗu da kwana ɗaya. Asalin kwana ɗayan nan kuskure ne da aka gada daga manhajar Lotus 1-2-3, wadda ta ba Fabrairun 1900 kwana 29, alhali 28 gare shi. Har yau tsofaffin jadawalai na nan ɗauke da lissafin 1904.

Alal misali, Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, zamanin Sarki Alu. A lissafin farko lambar wannan rana 1,130 ce. Idan aka kwafi zanen zuwa jadawali mai lissafi na biyu, lambar ba ta sauya ba, amma sai ta fito 4 ga Fabrairu 1907, lokacin da Sarki Abbas ya kusa shekara huɗu a gadon sarauta. Illar ita ce, ranar ba ta da alamar kuskure ko kaɗan. Malamin da bai riƙe tarihin a ka ba zai wuce ta, ta shiga kundi.

Maganin bai da wuya: a daidaita lissafin jadawalan biyu tun kafin a kwafa, in kuwa an riga an kwafa, a ɗebe 1,462, muddin ainihin ranar ba ta gabaci 1904 ba. Amma abin da ya gabaci 1900, kamar sarautar Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499, babu lissafin da ke karɓarsa a matsayin kwanan wata. Irin waɗannan shekaru sai a shigar da su a matsayin lamba zalla.