Baba: Ɗan'uwan wake da ke raya marinar Ƙofar Mata

A marinar Ƙofar Mata da ke cikin birnin Kano, wadda ake cewa an kafa ta tun shekarar 1498, abin da baƙo ke fara gani shi ne shuɗin ruwa da shuɗin hannun masu rini. Amma wanda ya tsinko ganyen baba ya duba, kore ne shar, babu alamar shuɗi a jikinsa.

Masana ilimin halittu sun sanya baba a dangin tsirrai da ake kira Fabaceae, wato dangin wake, gyaɗa, ɗorawa, gawo da tsamiya. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu suna zuba 'ya'ya a cikin kwanso. A cikin wannan dangi, baba na rukunin Indigofera, sunan da masanin ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya tabbatar a 1753. Rukunin yana da nau'o'i sama da 700, sai dai kaɗan ne ake rini da su, kamar Indigofera arrecta da Indigofera tinctoria.

Kamannin bai tsaya ga kwanso ba. Kamar wake da gyaɗa, saiwar baba tana da ƙananan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zama suna jawo sinadarin naitirojin daga iska. Shi ya sa gonar da aka noma baba ke ƙara ƙarfi.

To ina shuɗin yake fitowa? Ganyen yana ɗauke da wani sinadari marar launi. Idan aka zuba baba a karofi tare da toka da ruwa aka bar shi kwanaki ya ruɓa, ƙwayoyin bakteriya ne ke sauya shi ya zama ruwan rini. Shi ya sa tufa ke fitowa daga karofi da launin kore-kore, sai ta sha iska ta koma shuɗiya. Yawan tsomawa da fitarwa ne ke sa launin ya yi duhu, irin na turkuɗin da Buzaye ke naɗawa.

Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, kasuwar baba ta fara ja da baya a duniya. A yau karofi da dama a Ƙofar Mata sun bushe, matasa kuma ba su cika shiga sana'ar ba.

Asarar ba ta masu rini kaɗai ba ce. Ɗaliban sakandare a Kano na haddace rabe-raben tsirrai da aikin bakteriya domin jarrabawar WAEC da NECO, alhali ana aiwatar da darasin kullum a bakin ganuwa. Idan karofi na ƙarshe ya bushe, a takarda kawai za su ci gaba da ganinsa.