Abincin Hawainiya Daga Cikin Ƙwaro Yake Farawa

A Damaga da sauran garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a kan kogin Sakkwato a 1978, ganin hawainiya a jikin shinge ko reshen darbejiya da damina abu ne da aka saba. Yara kan kama ta su ɗaure da zare, wani kuma ya saka ta a kwali don sha'awar yadda take sauya launi, kwanaki kaɗan a tarar ta mutu. Mutanen da can a ƙasashen Turai sun daɗe suna zaton iska take ci, saboda tana iya daɗewa ba a ga ta haɗiyi komai ba. Alhali mafarauciya ce, harshenta kan kai tsawon jikinta ko ya fi, kuma da shi take cafko fara da gyare da ƙuda. Duk mai son ya kiwata ta, to ya san lafiyarta tana rataye ne a kan abin da ƙwarin suka ci kafin ita ta ci su.

Dalilin yana cikin ƙashi. Jikin ƙwaro ba shi da isasshen sinadarin kalsiyam, wanda shi ke gina ƙashi. A daji hawainiya tana cike giɓin ne da cin ƙwari iri-iri da suka ƙoshi da ganyaye dabam-dabam, sannan tana shan hantsi, hasken rana ya sa fatarta ta samar da bitamin D3 mai taimaka wa jiki ya karɓi kalsiyam. Idan aka kulle ta a ɗaki ana jefa mata gyare mai yunwa, sai ƙafafunta su lanƙwashe, muƙamuƙinta ya yi laushi, harshen ya daina kaiwa ga abinci. Maganin yana kusa: a ajiye ƙwarin kwana ɗaya ko biyu ana ba su ganyen zogale da karas da kabewa, a barbaɗa musu garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka luƙui, sannan a sake mata su da rai. Soyayyar fara ta kasuwa mai gishiri da yaji ba tata ba ce, domin abin da ke motsi take hara. Ƙarama tana ci kullum, babba kuwa ana iya tsallake mata kwana ɗaya, kuma kada ƙwaron ya fi faɗin kanta.

Wani zai ce ai ƙwari sun cika gonakin shinkafa da tumatir na Talata Mafara da Bakura, me zai hana a kamo ko wanne a ba ta? Amsar ita ce feshi. Ƙwaron da ya tsira daga maganin feshi yana ɗauke da shi a jikinsa, kuma ɗan abin da ba zai dami kaza ba yana iya kashe halitta mai ƙaramin jiki irin wannan. Haka farar nan mai ado da ke zama a jikin tumfafiya, ta tara gubar itacen a cikinta, don haka a nisance ta. Shi ya sa kiwon gyare a gida ya fi aminci, balle da hunturu lokacin da ƙwari ke ƙaranci. Ruwa ma yana da nasa sharaɗin: hawainiya ba ta cika sha daga kwano ba, raɓa da ɗigon ruwa take lasa a kan ganye, sai a riƙa yayyafa wa rassan kejinta ruwa safe da yamma. Kejin ya zama na raga, rana ta shiga ta gefe guda, ɗaya gefen kuma inuwa, don zafin bazara na iya halaka ta.

Akwai kuma masu cewa dabba ce mai dafi, kusantarta ma ganganci ne. Hawainiya ba ta da dafi. Hura jiki da buɗe baki da take yi tsoro ne kawai. Mun saba cewa hawainiyarka ta kiyayi ramata, amma ita ƙwarin da ke cin ramar take bi, wato ma'aikaciya ce a gonar manomi ba da lada ba. Wanda ya tsare ta ya ɗauki nauyin ƙwari masu ƙoshi da hantsi da raɓa kullum, kuma addini ya yi gargaɗi mai tsanani a kan kulle dabba a bar ta da yunwa. Wanda ba zai iya sauke wannan nauyi ba, ya kwance zaren ya mayar da ita kan bishiyar da ya same ta.