Tagar rufi a sabon ɓangaren gida: abubuwan da ya kamata ka sani

A ƙasashen da ruwan sama da dusar ƙanƙara suka sa ake yin rufi mai tsini, akan bar sarari babba tsakanin silin da ƙololuwa. Idan ana so sararin ya zama ɗaki, sai a huda rufin a fito da taga a tsaye, da 'yan bangonta biyu da ɗan rufinta, kamar ƙaramin gida ya hau bayan babba. Turawan Ingila na ce mata dormer, daga kalmar Faransanci mai nufin barci, domin ɗakin kwana aka saba haskakawa da ita. Wanda ya taɓa ganin hoton titunan Paris da aka sake ginawa a zamanin Haussmann, tsakanin 1853 da 1870, ya ga irin tagogin nan jere a kan rufi mai ruwan toka.

Bangon ƙasa ake fara dubawa

Kuskuren da na fi gani shi ne mai gida ya tsaya cikin ɗaki ya nuna wa kafinta inda yake son haske, a huda nan. Daga ciki komai lafiya. Sai an fita titi a ga taga ta zauna ita kaɗai, ba ta bisa tagar ƙasa, ba ta bisa ƙofa, gida ya zama kamar fuska mai ido ɗaya a goshi.

Ido na bin layi daga ƙasa zuwa sama. Saboda haka tsakiyar tagar rufi ya kamata ta faɗa daidai tsakiyar tagar da ke ƙarƙashinta, ko daidai tsakiyar bangon da ke tsakanin tagogi biyu. Idan ƙofa na tsakiyar gini, taga ɗaya ko uku sun fi zama, ta tsakiya bisa ƙofar. Idan biyu ne, tazararsu daga ƙarshen rufi dama da hagu ta zama ɗaya. Kafin a taɓa kwano, a sa kafinta ya haɗa firam na falanki, ya ɗora a inda ake tunani, mai gida ya tsallaka titi ya duba. Gusar da falanki taku ɗaya aikin minti biyar ne, toshe ramin da aka riga aka huda kuwa asarar kuɗi ce.

Girma

Tagar rufi ta ɗan fi tagogin ƙasa ƙanƙanta, kuma siffarsu ɗaya. Gilashi ya cinye mafi yawan fuskarta, domin bango mai kauri a gefe da gefe shi ke sa ta yi kama da akwati. A bar rufi ya bayyana a samanta, a ƙasanta da kuma gefunanta. Ni dai in an ba ni zaɓi tsakanin ƙanana biyu da ƙatuwa ɗaya a fuskar gida, biyun zan ɗauka, ƙatuwar ta koma baya inda ba mai gani.

Sabon ɓangare ƙane ne

Tsohon gida shi ne yaya. In yana da tagogin rufi, sababbin su bi tsayinsu da karkatar rufinsu, bakinsu na ƙasa a kan layi ɗaya. Kada a matsa taga kusa da kwarin da rufi biyu suka haɗu, domin nan ruwa ke taruwa.

Doka

A Ingila ana iya ƙara ɗaki mai irin wannan taga a cikin rufi ba tare da cikakken izinin tsara gari ba, amma da sharuɗɗa. Ƙarin kada ya wuce kubik mita 40 a gidajen da ke manne a jere, ko 50 a sauran. Kada ya zarce ƙololuwar rufi, kada ya fito a fuskar gida mai kallon titi, kuma a ja shi baya aƙalla santimita 20 daga bakin rufi inda hakan zai yiwu. Shi ya sa manyan tagogin rufi a Landan galibi a bayan gida suke.

Katako da yoyo

Huda rufi na nufin yanke katakan da ke ɗauke da shi. Dole a ninka waɗanda ke gefen ramin, a gitta wasu sama da ƙasa su karɓi nauyin. A Amurka akan jera katakan nan da tazarar inci 16 ko 24, don haka wani lokaci tsakiyar tagar ƙasa ba ta dacewa da su. A sabon ɓangare wannan ba uzuri ba ne, tunda tun a zane za a iya jera katakan su bi taga.

Rufi mai tsini ya yawaita yanzu a sababbin unguwannin Abuja da Kaduna, kuma wasu na ɗora masa tagogin ado da babu ɗaki a bayansu. Kowace ɗaya na ƙara mahaɗa a jikin kwano, kuma ruwan Agusta ba ya raina ƙaramar kafa. A tsaya a kan mai kwano ya naɗe ƙarfe a duk inda bangon taga ya taɓa rufi, ya cusa na sama a ƙarƙashin kwanon yadda ruwa zai bi ta kansa ya gangara.